Amsoshin Tambayoyinku: Doguwar Hanya ko Gajera?

Wani direban babbar mota daga Karofane, yankin Buza, ya aiko da tambaya: "Shekaru sun ja, zan canza aiki. In shiga jigilar albasa zuwa Akra, ko in tsaya kusa da gida?"

Malam, mun gode. Doguwar hanya ta fi kawo kuɗi, amma albasar Galmi da Madawa ba ta jira. In ta daɗe a mota sai ta ruɓe, shi ya sa direba kan kwana riƙe da sitiyari. A gajeriyar hanya kuwa akwai jigilar simintin Malbaza, wanda ba ya ruɓewa. Kafin ka zaɓa, a gwada maka ido da hawan jini, ka duba birki da tayoyi da kanka. Shawararmu, Malam, ka ɗauki gajeriyar hanya. Allah ya kiyaye hanya.