Tambaya da Amsa: Ɗan jarida da ƙagaggen labari

Hauwa'u ta rubuto daga Nasarawa Gwom, Jos. Da rana tana ɗauko rahoto a wani gidan rediyo, da dare tana rubuta gajerun labarai. Wani na gaba da ita a wurin aiki ya ce mata wanda ya saba ƙaga labari ba a yarda da rahotonsa. Tana tambaya, shin ta ajiye ɗaya?

'Yata Hauwa'u, ki kwantar da hankalinki, kada ki ajiye ko ɗaya. Abubakar Imam ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma hakan bai hana mutanen Arewa dogara da jaridar ba.

Ga kuma ɗan garinku, Abubakar Adam Ibrahim. A Jos aka haife shi a 1979, a Jami'ar Jos ya karanci aikin jarida, sannan ya yi shekaru a Daily Trust. Littafinsa Season of Crimson Blossoms ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, dala dubu 100. A 2018 kuma aikin jaridarsa ya samo masa kyautar Michael Elliott, kan rahoton waɗanda Boko Haram ta raba da gidajensu.

Amma kada ki yi watsi da maganar babban naki, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ke kin fi ni sanin abin da jita-jita ke haddasawa a Jos. Unguwarku ta ga rikicin Janairun 2010. Matar da ta kunna rediyo tana jiran ta ji ko ɗanta zai iya zuwa kasuwar Taminus ya dawo lafiya, ba gwanintar harshe take nema ba. Idan mutum uku suka jikkata, uku za ki ce. Idan mai unguwa bai faɗi magana ba, kada ki sa masa a baki, ko da ta fi tasa daɗi.

Abin da rahoton minti biyu ba zai ɗauka ba, shi ne rabon ƙagaggen labari. Hajiya Binta ta littafin Season of Crimson Blossoms, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, ba za ki same ta a wani gida ba, amma zawarawa da yawa sun ɗanɗana abin da ta ɗanɗana.

Ki raba littafin rubutu biyu, na aiki daban, na dare daban. Wanda ya ba ki sirri a matsayinki na 'yar jarida, amana ya ba ki. Idan za ki sa shi a ƙagaggen labari, sauya masa suna kaɗai bai isa ba, don a unguwa irin taku da launin ƙofar gida ma ana gane mutum. Ki kuma sanar da editanki kafin labarinki ya fito, kada ya ji a bakin wani. Idan kin kammala na farko, ki aiko mana mu karanta. Allah ya yi miki albarka.