Shin Rage Ƙiba Yana Hana Sankarar Mama Dawowa?

Sankarar mama ita ce ciwon dajin da ya fi kama mata a Nijeriya. Ƙiyasin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na shekarar 2022 ya nuna cewa mata fiye da 32,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan cikin wannan shekara, kimanin 16,000 kuma suka rasu. A Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen kula da masu ciwon daji, inda ake zuwa daga Kebbi da Zamfara da sauran wurare. Matar da aka yi wa fiɗa, ta sha magani, aka yi mata gashi, har likita ya sallame ta, takan koma gida da tambaya guda a zuci: me za ta yi don kada cutar ta dawo?

Ɗaya daga cikin amsoshin da masana suke gwadawa ita ce rage ƙiba. Dalili kuwa shi ne kitse ba ajiya ba ne kurum. Bayan mace ta daina al'ada, kitsen jikinta ne ke samar da mafi yawan sinadarin istirojin, kuma akasarin nau'o'in sankarar mama da wannan sinadari suke girma. Har ila yau, ƙiba takan ɗaga yawan insulin a cikin jini, shi ma yana ingiza ƙwayoyin halitta su riƙa rarrabuwa. A shekarar 2014 wasu masana suka tattara sakamakon bincike 82 da ya shafi mata fiye da 200,000, suka ga cewa haɗarin mutuwa daga cutar ya fi yawa da kimanin kashi ɗaya cikin uku ga masu ƙiba sosai, in an kwatanta su da masu matsakaicin jiki.

To amma a nan ne ya kamata ɗalibin kimiyya ya dakata. Ganin abubuwa biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Mai yiwuwa ne ƙullutun ya fi wuyar ganowa da wuri a jiki mai kitse, ko kuwa ciwon sukari da hawan jini, waɗanda sukan zo tare da ƙiba, su ne suke ƙara haɗarin. Ko da ma ƙibar ce sanadi, wannan bai nuna cewa rage ta bayan an riga an kamu zai gyara al'amarin ba. Hanyar warware wannan ita ce gwaji: a sami mata masu yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a taimaka wa rukuni ɗaya su rage nauyi, sannan a bi su duka shekara da shekaru ana ƙidayar waɗanda cutar ta dawo musu. Ƙuri'ar ce ginshiƙin aikin. Da za a bar kowace mace ta zaɓi rukuninta, masu ƙarfin jiki da masu hali ne za su cika rukunin farko, sai a ba rage ƙiba yabon da ba nasa ba.

An yi gwaje-gwaje biyu a Amurka da suka share fage. Na farko, mai mata 2,437, ya fito a 2006: an rage musu mai a abinci, nauyinsu ya ɗan sauka, dawowar cutar ma ta ragu. Na biyu, mai mata 3,088, ya fito a 2007: an ƙara musu ganye da 'ya'yan itatuwa, nauyinsu bai sauka ba, ba a kuma ga wani bambanci ba. Wannan saɓani ne ya sa aka fara zargin cewa nauyin shi ne mabuɗi.

Daga nan aka shirya gwajin da ake kira BWEL, ƙarƙashin jagorancin Dakta Jennifer Ligibel ta Cibiyar Dana-Farber da ke Boston. Tsakanin 2016 da 2021 an ɗauki mata fiye da 3,100 a Amurka da Kanada, dukkansu sun gama manyan matakan magani. Sharaɗin shiga shi ne ma'aunin nauyi da tsawo ya kai 27. Ga yadda ake lissafinsa: a ninka tsawon mutum a mita da kansa, a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Alal misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 75: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, in an raba 75 da 2.56 sai a sami 29.3. Wannan ta cancanci shiga. Rukuni ɗaya aka ba su ilimin kiwon lafiya kawai, ɗayan kuwa aka ƙara musu mai ba da shawara da ke kiransu ta waya sau 42 cikin shekara biyu, yana taimaka musu wajen auna abinci da motsa jiki. Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna cewa bayan shekara ɗaya rukuni na biyu sun sauke kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinsu, na farko kuwa sun ƙara kusan kashi 1. Ga matar misalinmu, wannan kusan kilo 4 ke nan. Sai dai a lura, sakamakon na 2023 ya tsaya ne a kan nauyi. Ƙidayar dawowar cutar aiki ne na shekaru da dama.

Kwaso wannan tsari kacokan a kawo shi Sakkwato ba zai yiwu ba. A nan akasarin mata sukan isa asibiti bayan cutar ta yi nisa, da yawansu a rame, kuma ramar da ta zo ba da niyya ba alama ce ta haɗari da ke buƙatar ganin likita nan take. Ita kuwa wadda ta warke ta murmure, dangi murna suke yi da ganin ta yi jiki, domin a al'adar Bahaushe ƙiba shaidar hutu ce. Wanda zai ce mata ta rage tuwon shinkafa da masa da man miya sai ya shirya bayani mai gamsarwa ga ita da mijinta da uwar mijin. Tafiyar ƙasa a watan Afirilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai da sassafe. Hatta a gwajin BWEL, mata baƙaƙen fata ba su sauke nauyi kamar sauran ba, abin da ke nuna cewa tsarin da aka ɗinka wa wata al'umma ba lalle ya dace da wata ba.

Akwai kuma batun amana. Mutanen arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya kai ga doguwar shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Bisa wannan kundi, sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a fara bincike a kan mutane, kuma dole a yi wa mai shiga bayani da harshen da take ji: me za a yi mata, tsawon wane lokaci, wane haɗari ke ciki, wa zai ga bayananta. Ya kamata a gaya mata tun farko cewa ƙuri'a na iya jefa ta rukunin da ba za a ba shi mai ba da shawara ba, kuma amfanin binciken zai fi komawa ga matan da za su zo bayanta. Tana da ikon ta ƙi, tana da ikon ta janye a tsakiya, ba tare da an taɓa maganin da take karɓa a asibitin ba.