Darasin Kasuwa: Takardar Garantin Babur Wadda Ba Ta Kamfanin Da Ya Ƙera Ba

Darasinmu na wannan karo a kan wata takarda ne da wani ɗan'uwa dillalin babura ya kawo mana nan Tukur-Tukur, ya ce mu duba masa kafin ya sa hannu. Wani mutum ne ya same shi a rumfa, ya ce duk wanda ya sayi babur ko Keke Napep a hannunsa, ya tallata masa wannan takarda, wai garanti ce ta shekara 2, in inji ya lalace kamfaninsu zai gyara kyauta. Shi kuma dillali yana da la'adarsa a kan kowace takarda. Mun karanta ta tun daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun bayanta, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani kowa ya ji.

Da farko mu rabe abubuwa uku da mutane kan cakuɗa. Akwai garantin wanda ya ƙera, watau wanda ke biyo sabon Bajaj Boxer, ko TVS, ko Haojue, ta hannun babban wakilin kamfani. Wannan yana cikin kuɗin babur, kuma mai shi sananne ne, yana da kanti, yana da kayan gyara, yana tsoron sunansa ya ɓaci. Akwai kuma inshorar da doka ta wajabta, wadda asalinta dokar 1945 ce tun zamanin Turawa. Daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta yanke kuɗinta Naira 3,000 a shekara ga babur, Naira 5,000 ga Keke Napep, Naira 15,000 ga ƙaramar motar gida. Amma fa ku lura, wannan ba ta gyara maka komi. Wanda ka buge take biya, ko wanda ka yi wa ɓarna. To ta ukun ita ce wannan ta hannun ɗan'uwanmu. Ba wanda ya ƙera babur ya ba da ita ba, ba kuma wanda ya sayar ba. Wani ne can na gefe ya karɓi kuɗinka yau, ya yi maka alkawarin gyara gobe.

Abin da ka saya ke nan, alkawari. In ka sayi buhun masara a Kasuwar Sabon Gari ka soka hannu ka ga ƙwaya, ka ɗaga ka ji nauyi. Alkawari kuwa ba a auna shi sai ranar da ka zo karɓa, ran nan kuwa kuɗinka sun riga sun daɗe da fita. Malamanmu tun da can sun yi magana a kan cinikin garari, watau sayen abin da ba ka san ko za ka same shi ba, kuma ko ba a je nan ba, kowane ɗan kasuwa ya san bashi a hannun baƙo yadda yake.

To mu dawo kan takardar. A gabanta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ta ɗauki nauyin inji da giya. A bayanta kuwa aka jero abin da babu ruwanta da shi: kulochi, birki, sarƙa, taya, filogi, batir, wayoyin wuta, da duk abin da ke cinyewa saboda aiki. Mu tambayi bakaniken da ke Agoro ko Kwangila, me ake kawo masa kullum? Ai su ke nan. Fistin da ringi ma, waɗanda kowa ya san cikin inji suke, sai ka ji an ce ai cinyewa suka yi, ba karyewa ba, saboda haka ba sa ciki. Wa ke yanke hukuncin cewa cinyewa ce ko karyewa? Mutumin kamfanin. Shi ne mai biya, shi ne kuma alƙali.

Sa'an nan ga sharaɗin sabis. Takardar ta ce sai ka riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, a garejin da suka amince da shi, kuma ka ajiye rasit na kowane zuwa. Yanzu don Allah, wane ɗan acaɓa ne a Zariya ke karɓar rasit in ya juye baƙin mai a bakin titi? Rasit ɗaya ya ɓace, garanti ta tashi. Garejin nasu kuma muka duba, babu ko ɗaya a Zariya, mafi kusa sai Kaduna. Ka ɗora mataccen babur a bayan a-kori-kura zuwa Kaduna da kuɗinka, ka jira a zo a duba, a rubuta Ikko a nemi izini. Kwanakin nan duka babur na kwance, yaro ba ya kawo balas, mai gida yana jira. Da yawa mutum zai ga gara ya kai wa bakanikensa ya biya ya huta. Da zarar kuwa wani bakanike ya kwance injin, takardar ta mutu, haka aka rubuta. Kai, har akwai layi guda da ya ce ban da abin hawan haya. Dillalin namu ya ce cikin masu sayensa da ƙyar a sami wanda ba haya zai sa babur ba. Ashe da an sayar musu takardar da tun ran farko ba ta hau kansu ba.

Akwai wani wurin da 'yan kasuwa za su fi kowa ganewa. An ƙayyade iyakar abin da kamfanin zai biya, kuma da Naira aka rubuta. Kayan gyara kuwa daga Indiya da Sin suke zuwa, da Dala ake sayo su. A watan Mayun 2023 Dala a farashin gwamnati wajen Naira 460 take, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Duk wanda ya riƙe irin wannan takarda a tsakanin nan, kuɗin da aka ce za su ɗauki inji guda sai ya tarar ko rabi ba su kai ba, cikon daga aljihunsa.

Wannan duka in kamfanin yana nan ke nan. In ya rufe fa? Kada a ce sai a ƙasarmu, a Amurka ma inda wannan ciniki ya fi ƙarfi an ga haka. Akwai wani kamfani, US Fidelis, a jihar Missouri, ya cika talabijin da waya da tallar garantin mota, mutane suka yi ta saye. A 2010 ya karye, aka bar jama'a da takardu a hannu, 'yan'uwa biyu masu kamfanin kuma daga baya aka ɗaure su. A Yulin 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa wani kamfanin, CarShield, ya yarda zai biya Dala miliyan 10, bisa zargin tallarsa na nuna wa mutane za a yi musu gyaran da a ƙarshe ba a yi. Can ke nan, inda akwai hukuma mai bin sawu. Mai babur a Ƙofar Doka wa zai bi masa?

Yanzu magana ta zo kanmu, dillalai, kuma nan ne ya fi damunmu. Mai saye bai san kamfanin ba, kai ya sani. Saboda fuskarka ya ƙara kuɗi ya karɓi takardar. Ranar da aka hana shi gyara ba Ikko zai tafi ba, rumfarka zai zo, ko ya kai ka gaban sarkin dillalai, ko ya tsaya bakin kasuwa ya ba da labari. La'adar da ka ci an manta da ita, sunan da ka yi shekara ashirin kana ginawa shi ke biyan bashin. Dillali ba shi da jarin da ya wuce a yarda da maganarsa.

Ba mu ce kowace takarda ƙarya ce ba. Amma kafin ka taɓa ta, ka tambaya wane kamfanin inshora ne ya tsaya mata, ka bincika ko yana da lasin daga NAICOM, ka ga ofishinsa da idonka. Ka nemi a nuna maka mutum ɗaya a garin nan da aka taɓa yi wa gyara aka biya. Ka sa a karanta maka bayan takardar da Hausa a gaban shaidu, ka duba ko lambar inji da lambar shasi sun dace da abin da aka rubuta. In mai tallan ya fara hanzari, yana cewa yau ne kaɗai rangwame, to ka ba shi takardarsa.

Mai saye kuma ya sani yana da haƙƙi ko babu wannan takarda. A shari'a, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da ikon mayarwa. Dokar kare masu saye ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kafa hukumar FCCPC, ta ba shi wata 3 ya mayar da kaya mai aibi, a gyara, ko a musanya, ko a biya shi kuɗinsa. Kuɗin takardar kuwa, in ya zuba su a adashi ko ya ba amintaccen bakanike ajiya, ranar da ringi ya tafi suna nan, ba mai tambayarsa rasit.

Ɗan'uwan namu dai ya mayar wa mutumin takardunsa, ya ce in ya kawo sunan kamfanin inshorar da garejinsu na Zariya sa sake zama. Yau mako uku ke nan, bai dawo ba.