Farauta a Cikin Damina: Abin da Ruwa Ke Ba Maharbi da Abin da Yake Ƙwace Masa

Al'adar farauta a ƙasar Hausa ta ginu ne a kan rani, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, dabbobi kuma sun taru a kusa da 'yan wuraren da ruwa ya rage. Duk da haka akwai maharba a Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji, a kudancin jihar Kano, da ke fita da damina, wasu don neman nama, wasu kuwa don manoma sun kira su saboda gyado ko birai sun addabi masara da gyaɗa. Wannan yanki ya fi arewacin Kano samun ruwa, musamman wajen duwatsun Riruwai, kuma a watan Agusta, lokacin marka, wato ruwan da ke yini yana zuba ba ƙaƙƙautawa, dajin da maharbi ya sani da rani yakan zama wani daji dabam.

Ruwa yana da alherinsa ga mai harbi. Ganye da ƙirare da suka jiƙe ba sa ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ƙasa mai laushi tana riƙe sawu har a bambanta kofaton gada da na mazo, kuma sawun da gefensa yake da kaifi, ba ɗigon ruwa a cikinsa, shaida ce cewa dabbar ta wuce bayan an ɗauke ruwa. Maharban Amurka da ke bin babbar dabbar nan mai ƙaho mai rassa da ake kira elk, a jihohi irin su Kolorado da Montana, sun san haka: dabba takan lafe idan ana kwarara, ta fito kiwo da zarar ruwa ya koma yayyafi. Wannan ɗan lokaci shi ne na fita, tare da fuskantar iska, domin danshi yana riƙe warin mutum kusa da ƙasa, hancin dabba kuma ya fi idonta aiki.

Matsalar tana farawa ne bayan harbi. Dabbar da aka raunata ba kasafai take faɗuwa nan take ba, kuma abin da maharbi ke bi shi ne jini, wanda launinsa ke gaya masa inda harbin ya shiga: ja mai haske da kumfa daga huhu yake, dabbar ba za ta yi nisa ba, mai duhu daga hanta, wanda ya gauraya da ɗanyen tumbi kuwa yana nuna harbin ciki, wanda dabba kan yi tafiya mai tsawo da shi kafin ta mutu. Da rani ana ba ta lokaci ta kwanta ta yi sanyi. Da damina ruwa yana wanke jinin daga ganye cikin 'yan mintoci, gamba ta fi tsayin mutum, don haka wanda ya jira ya rasa sawu, wanda ya yi gaggawa kuma ya tayar da ita ta ƙara shigewa daji. Mafita ɗaya ce, kuma kafin a ja kunama ake yin ta: kada a harba sai daga kusa, dabbar ta ba da gefe, an ga bayan kafaɗarta sarai, kuma da sauran rana. Idan ana buƙatar bin jini, a duba ƙarƙashin ganye da jikin kututture, inda ruwa bai kai ba, a karya reshe a wurin ɗigo na ƙarshe. Matsalar bin dabbar da aka raunata ta haɗu da hukuncin shari'a, domin hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya hana cin abin farautar da aka tarar ya mutu cikin ruwa, tunda ba a san ko harbin ne ya kashe shi ko nutsewa ba, ga shi kuwa da damina kowace ƙorama cike take.

Makami ma yana cin amanar mai shi. Albarushin bindigar toka yana shan danshi, sai ta ƙi tashi, ko mafi muni ta yi jinkiri ta tashi bayan an sauke ta. Bindigar da ta ƙi tashi a ci gaba da nuna bakinta inda ba kowa na tsawon minti guda aƙalla, kuma bakin da laka ta toshe yana iya fasa bututun a hannun mai harbi. Tsirkiyar baka ta fata kuma tana saki idan ta jiƙe. Ban da matsalar makami, macizai irin su kububuwa da kasa sun fi yawo a wannan lokaci, saboda haka takalmi mai rufe ƙwauri wajibi ne, wanda aka sara kuma asibiti za a nufa da shi, ba tare da tsaga ko ɗaure da igiya ba.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne wurin farautar da abin da ake harbi. Dajin Falgore, wanda a da ake kira Kogin Kano, gandun namun daji ne na gwamnati, farauta a cikinsa laifi ce rani da damina, kuma kogin da ya ratsa shi ne ke ciyar da madatsar ruwa ta Tiga. Gwanki da ɓauna da aka san dajin da su sun yi ƙaranci ƙwarai. Damina ce lokacin da zabon daji ke ƙwai, dabbobi da yawa kuma na da ciki ko goyo, har harbi ɗaya ya zama asarar rai biyu ko uku. Ya kamata sarakunan baka da ƙungiyoyin maharba na yankin su taƙaita fitar damina ga kare gonaki a wajen gandun, da sanin dagaci, su hana taɓa mace da mai goyo har sai kaka ta yi.