Hanyar Zama Mai Jiyyar 'Yan Wasa a Amurka

Mutane da yawa suna tsammani mai jiyyar 'yan wasa shi ne mai koyar da wasa. Ba haka ba ne. Shi ma'aikacin lafiya ne. Aikinsa tsare 'yan wasa daga rauni, da duba targaɗe ko karaya, da lura da majiyyaci har ya warke.

A Amurka, tun bayan 2022, sai a matakin digiri na biyu ake ɗaukar sababbin ɗalibai. Tilas mai neman shiga ya zo da shaidar darussa shida na jami'a, watau ilmin halittu, da na sinadarai, da fiziya, da halayyar ɗan Adam, da ƙirar jiki, da aikin gaɓoɓi.

Karatun yakan ci shekara biyu. A ciki lalle ɗalibi ya yi aƙalla mako huɗu ba ya komai sai aikin jiyya. Sa'an nan ya zauna jarrabawar hukumar BOC.

Amma fa a lura. Kafin ka biya ko anini, bincika ko hukumar CAATE ta amince da makarantar. In ba ta amince ba, ba za a bar ka ka zauna jarrabawar ba, ka yi hasarar kuɗinka da shekarunka.