CIKINKA AMANA NE: DARASI A KAN CIN ABINCI DA TSAWON RAI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, kwanakin baya na je dubiyar wani bawan Allah da muke sahu ɗaya a masallaci. Mutum ne mai ƙarfi, bai kai shekara hamsin ba, yau ga shi kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, alwala ma sai an yi masa. Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Allah Ya ba shi lafiya. Wannan ne ya sa na ce bari mu tattauna a kan abin da muke zubawa a cikinmu.

Na san wani zai ce, "Malam, ai kowa da ajalinsa." Gaskiya ne, ajali na hannun Allah. Amma Wanda Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya umarce mu da riƙo da sababi. Sayyidina Umar (RA) yana hanyar Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya juya da jama'a, kuma ya nuna musu cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sannan ba yawan shekaru kaɗai muke roƙo ba. Muna son tsufan da mutum zai taka da ƙafarsa zuwa masallaci, ya yi sujada, ya yi azumi.

NA FARKO: RAGE YAWA

A Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya halatta ci da sha, Ya hana wuce gona da iri. A hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Kariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, Annabi (SAW) ya koyar da cewa 'yan lomomi sun ishi mutum, in kuma ba makawa a raba ciki uku tsakanin abinci, abin sha da numfashi. Likitoci kuwa suna cewa saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ƙwaƙwalwa ta gane shi. Shi ya sa mai hanzarin loma yake cika ciki kafin ya farga. Zauna, ka yi bisimilla, ka tauna a hankali, ka tsame hannu tun kana ɗan sha'awar ƙari.

NA BIYU: GISHIRI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa da na miya, na burodi, na taliyar 'yan yara da na yajin tsire. Dunƙulen magi ma kusan rabinsa gishiri ne. Gishiri mai yawa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya hau, zuciya da ƙoda su wahala. Uwargida, rage magi, ki koma wa daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Maigida kuma kada ka zama kai ne mai ƙorafin miya ta yi lami.

NA UKU: SUKARI

Hukumar ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai giram 50 a rana, kusan cokali 12, kuma in an tsaya a cokali 6 ya fi. To kwalbar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana iya ɗauke da cokali goma ko fiye. Ka haɗa da na shayin safe, na koko, na zoɓo da na fura. Ta nan ƙiba take shigowa, ita kuma ta buɗe ƙofar ciwon sukari. In ƙishirwa ta kama ka, ruwa ya fi.

NA HUƊU: KOMA WA ABINCIN GIDA

Abin mamaki, abin da muke rainawa shi masana suke yabo. Gero, dawa, acca da wake suna daɗewa a ciki, ba sa ɗaga sukarin jini da sauri kamar farin burodi da farar shinkafa. Ana so mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ga zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kuɓewa da kabewa. Ga gwanda, kankana, gwaiba da mangwaro a lokacinsu. Kwaɗon zogale ba abincin talauci ba ne, 'yan uwa.

NA BIYAR: MAI DA TSAFTA

A rage soye-soye, a daina maimaita man suya har ya yi baƙi. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, domin tana iya ɗauke da gubar da ke jawo cutar daji ta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A wanke hannu da sabulu, a wanke ganye sosai.

NA SHIDA: AZUMI

Azumin Litinin da Alhamis da na ranakun 13, 14 da 15 ga wata ibada ne da muke yi don Allah, kuma yana koya wa mutum mallakar cikinsa. Sai dai kada a rama abincin wuni guda a buɗe-baki. Mai ciwon sukari ko gyambon ciki ya tuntuɓi likita tukuna.

Kada ka ce sai ka gyara komai a dare ɗaya. Ɗauki abu guda a makon nan: ko ka bar lemon kwalba, ko ka rage cokalin sukari, ko a rage magi a tukunya. Kuma ka je a auna maka jini da sukari ko da kana jin garau, domin hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani da tsawon rai cikin ɗa'arSa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wallahu a'alam.