Idan An Riƙe Asusunka na Banki Kan Tsohon Hukunci

Mutane da yawa a Bodinga da Shagari a wurin mai POS suke fara jin labari: kuɗi na cikin asusu, amma sun ƙi fita. Sai an bincika a tarar wani bashi ne da kotu ta yanke hukunci a kansa shekarun baya, har an manta. Lauyoyi suna kiran wannan hanya ganishi, kuma doka ta yarda da ita, amma da sharuɗɗa.

Mataki na 1: Je banki da kanka. Idan babu reshe kusa, shiga Sakkwato. Nemi sunan kotun, lambar shari'ar da ranar zama. Tambayi kuma ko odar kotu ce ko tsarin GSI, wanda Babban Bankin Najeriya ya fara a 2020. Da shi bankin da ya ba ka rance ke cirar kuɗinsa daga sauran asusunka ta BVN, ba sai da alƙali ba.

Mataki na 2: In odar kotu ce, gane wace iri ce. Nan ne gizo ke saƙar. Odar farko ta wucin gadi ce: ana riƙe kuɗin, ba a miƙa su ba. Sashe na 83 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce a kai wa banki da wanda ake bi takarda aƙalla kwana 14 kafin zama. Idan ka yi shiru har aka mayar da ita ta ƙarshe, banki zai biya, kai kuma sai ɗaukaka ƙara, da tsadarsa da jinkirinsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne magidancin da zai karɓi sammaci ya cusa a aljihun riga, yana cewa ai maganar ta wuce.

Mataki na 3: Ƙirga shekarun hukuncin. A babbar kotu da kotun majistare, mai bin bashi yana da shekara 6 daga ranar hukunci ya bi dukiyarka. Bayan nan dole ya nemi izinin kotu. Bashin bai mutu ba, kuma ba lallai a sanar da kai lokacin neman izinin ba, don haka je wurin magatakarda ka nemi kwafin hukuncin da na izinin. Kotunan Shari'ar Musulunci suna da nasu tsarin, ka tambaya a can.

Mataki na 4: Tattaro hujja, ka halarci zama. Rasit, saƙon banki na kuɗin da ka tura, shaidun da aka biya a gabansu. A 2019, a shari'ar Gwede da Majalisar Dokokin Jihar Delta, Kotun Ƙoli ta ce za a iya sauraron wanda ake bi idan akwai kuskure, kamar a nemi abin da ya saɓa wa hukuncin. In ba ka da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofishi a Sakkwato.

Mataki na 5: Kada barazana ta ruɗe ka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai, ta kuma hana kama ɗanka ko matarka a madadinka.

Mataki na 6: In bashin gaskiya ne, nemi sulhu. Manomi zai iya roƙon a ɗaga masa zuwa kaka, ma'aikaci kuma a raba masa wata-wata. Duk abin da kuka amince, a rubuta, a kai gaban alƙali ya sa hannu, sannan ka kai wa banki odar sakin asusun.